Ƙashin Kifin Safiyyatu 'Yar Maude

Ranar Laraba, tara ga watan Agusta na shekarar 1950, da hantsi, Malam Armaya'u duba-gari ya zare wata waya mai tsawon kamu huɗu daga cikin bututun ruwan zafi na garin Karare, ya tura ta ƙarƙashin rumbu. Babu wanda ya gan shi. Matarsa Safiyyatu, wadda ita ta ƙago wayar, tana kwance a ɗaki, kwana goma sha ɗaya da haihuwa. Wannan tarihinta ne. An rubuta shi domin 'ya'yanta da waɗanda za su zo bayansu, saboda mutanen Karare sun riƙe ƙarshen labarin a karkace, kuma ba laifinsu ba ne.

Haihuwa da asali

An haifi Safiyyatu a garin Yasore ta ƙasar Batsari cikin shekarar 1917, da kaka, ana yankan gero. Mahaifinta shi ne Maude maƙeri, ɗan Kabo maƙeri, waɗanda gidansu ke ƙera gatura da fartanyun wannan yanki tun kafin zuwan Turawa. Mahaifiyarta Sauda mai ginin tukwane ce, wadda randunanta suka yi suna har kasuwar Batsari saboda sanyin ruwa. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ce mace. Ta tashi a gidan da ba a rasa wuta a ƙofarsa, ba a kuma rasa ruwa da yumɓu a cikinsa.

Ƙuruciya da karatu

Tana da shekara shida aka sa ta makarantar allo ta Malam Ɗantsoho, inda ta kai izu goma sha biyu kafin hidimar gida ta janye ta. Ba ta taɓa shiga makarantar boko ba, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta san baƙi ɗaya na rubutun Turawa ba. Abin da aka fi tunawa da ita a wancan zamani shi ne jinkiri a rafi. Akwai wani ɗan rafi da ke gangarowa daga cikin duwatsu a gabashin garin, wanda ba ya rayuwa sai da damina. Idan aka aike ta ɗebo ruwa, sai ta ƙulla ƙaiƙayi a bakin zanenta, ta je ta tsuguna, ta riƙa watsa shi kaɗan-kaɗan tana kallon inda ruwa zai kai shi. Wanda ya faɗa tsakiya ya wuce kamar an kira shi. Wanda ya faɗa gefe ya bi gaɓa yana jan ƙafa. Wanda kuwa ya gamu da dutse, sai ya zagaya bayansa ya yi ta juyi, ya nutse, ya ɓullo, daga baya ya tuna da tafiya. Takan zauna a haka har inuwa ta tashi ta bar ta.

Wata rana mahaifiyarta ta bi sawunta ta same ta a tsugune, tulu yana gefe babu ko ɗigo.

"Ke, tun hantsi? Ko an naɗa ki sarautar rafin ne ba mu ji kiɗa ba?"

"Inna, dubi. Na tsakiya gudu yake yi, na gefe tafiya yake yi."

"Ke kuwa ko tafiyar ba ki yi ba. Ɗauki tulun nan kafin in ɗauke ki da mari."

Idan yayyenta suka tafi gona, mahaifinta kan sa ta zuga masa wuta a maƙera. A nan ta ga yadda yake juya ƙarfe da awartaki ba hutawa, domin in aka bar shi a wuri ɗaya bayansa ya ƙone alhali cikinsa bai ji komai ba. Waɗannan biyu, rafin da maƙerar, su ne makarantar da ta sauke.

Aure

A cikin shekarar 1934 aka ɗaura mata aure da Armaya'u ɗan Malam Sammani na Batsari, wanda gidansu gidan malamai ne kaka da kakanni. Shi Armaya'u ya sauke Alƙur'ani, ya yi elemantare da midil a Katsina, aka koya masa aikin duba-gari. Mutum ne da ya san sunan abu da harshe uku, amma bai iya ɗaura ƙotar fartanya ba. Ya fara ganinta ne ranar da ya shiga gidan Maude duba tsabta, da littafinsa a hammata. Ya leƙa wata randa, bai ma gama leƙawa ba ya ce akwai tsutsa. Daga bayan zana ta ce, "A cikin randar, Malam, ko a cikin littafin?" Ya sake leƙawa, babu tsutsa. Kafin wata ya ƙare sai da ya duba tsabtar gidan nan sau huɗu.

Danginsa, waɗanda duk fartanyar da ta taɓa ciyar da su daga maƙerar Maude ta fito, sun ga bai dace ɗan malamai ya ɗauko 'yar maƙera ba. Ya dage, aka yi auren. A iya binciken da aka yi, wannan shi ne karo ɗaya da ya tsaya a kan gaskiya alhali tsayuwar tana da tsada.

Zaman Safana

Daga 1938 zuwa 1946 suka zauna a Safana, inda aiki ya kai shi. A can ta haifi yawancin 'ya'yanta, a can kuma ta binne biyu. A can ne ta lura cewa rabin zafin itacen da take ƙonawa yana bin hayaƙi ya tafi sama, babu wanda ya amfana sai tsuntsaye. Ta gina murhu mai dogon wuya da yumɓu, ta kakkafa tsingaro a hanyar hayaƙin, wannan a dama, wancan a hagu, ta ɗora tukunya ta biyu a ƙarshe. Hayaƙin da a da yake miƙewa ya fice sai ya koma yana karkata nan da can, yana gogar gindin tukunyar, har ruwan cikinta ya yi zafin wanka. Maƙwabta suka yi dariya shekara guda, sannan suka kwaikwaya. Malam Armaya'u ya buɗe littafi ya yi mata cikakken bayanin dalilin da ya sa abin da ta riga ta yi yake yiwuwa. Ta saurare shi cikin ladabi har ya gama.

Komawa Karare

A shekarar 1946 aka tura shi Karare saboda kurkunu. A wancan lokaci rijiyoyin garin ba sa isa, da damina kuwa kowa daga tafki yake sha. Cutar takan tashi daidai lokacin da gero da gyaɗa ke neman noma. Ƙafa ta kumbura, ta yi bororo, farar tsutsa ta leƙo, a riƙa naɗe ta a tsinke ɗan kaɗan kullum har mako shida ko fiye, mai gona yana kwance yana jin ciyawa tana cinye masa shekara. A daminar 1946 Malam Armaya'u ya ƙirga mutum ɗari da arba'in a kwance.

Ya san asalin cutar, domin an koya masa. Wasu ƙananan ƙwari ne na cikin ruwan tafki, waɗanda ido bai cika gani ba, suke ɗauke da ita. Mutum ya sha su bana, tsutsar ta fito baɗi. Zafi yana kashe su. Ya bi gida-gida yana wa'azin a tafasa ruwa, aka riƙa ce masa "To, Malam," ana raka shi har ƙofa. Matar da za ta yi daka, ta kai abinci gona, ba ta da itace ko lokacin dafa ruwan mutum goma.

Cikin 1947 ya samo tsohon duro da bututun ƙarfe da masu aikin hanya suka bari. Aka ɗora duron a kan dakali a bayan gidansa, bututun ya ratsa katanga ya shiga cikin gida, ya bi ta cikin dogon murhu, ya sake ratsa katanga ya fito waje. Mata za su zuba ruwan tafki a duro, kowacce ta ajiye rungumen itace, ta tari ruwan zafi a ɗaya bakin, ta kai randa ya huce. Ranar gwaji mai gari da dattawa suka hallara. Ruwa ya fito da ɗumi, irin na alwalar tsoho. Aka ƙara wuta har ƙarfen ya fara ja, ruwan bai wuce ɗumi ba. Mai gari ya taɓa, ya ce, "Malam, ƙwarin nan wanka ka yi musu ko?" Aka watse ana dariya.

Ƙashin kifi

 Rana ta huɗu bayan gwajin aka yi ruwa, Safiyyatu ta tsaya a ƙarƙashin indararo har ta jiƙe, tana kallo. Da aka ɗauke ruwan, sai ta samo tsohon indararon yumɓu mai buɗaɗɗen sama, ta kwantar da shi a tsakar gida, ta tsiyaya ruwa, ta watsa ƙaiƙayi, ta kira mijinta.

"Ka gani? A cikin bututun ma na gefe shi kaɗai ke taɓa ƙarfe, shi ke kwashe zafin, ga shi kuma ba ya sauri. Na tsakiya wucewa yake yi kamar baƙon da bai iya gaisuwa ba, wuta ba ta ma san ya zo ba. A bakin bututu suke haɗuwa, shi ya sa kake samun ɗumi."

"To, a ƙara tsawon bututun."

"Kana da wani?"

Ba shi da wani.

"Ko kunu ne, in ba a juya ba, gindi ya kama, sama da sanyi. Abin juyi za a sa masa a ciki, wanda ba ya bukatar hannu."

Ta jera 'yan duwatsu a cikin indararon, ta sake tsiyaya ruwa. Ƙaiƙayin ya riƙa zagaya bayan kowane dutse, na tsakiya ya koma gefe, na gefe ya koma tsakiya, kamar yadda yake yi a rafin Yasore shekara ashirin da suka wuce.

Da ranin 1948 ta aika aka zo da mahaifinta da kayan aikinsa. Suka yanka tsohuwar garwar kananzir, suka jera gutsattsarin a jikin waya, suka zura cikin bututu. Da farko sun yi su zagayayyu da huda a tsakiya, sai ya zama an buɗe wa na tsakiya ƙofa, laka kuma ta taru a lungu. Suka yanka su rabi-rabi kamar wata ɗan kwana bakwai, suka jera duka a ƙasa, ruwa ya tsallake ta sama ya yi tafiyarsa. Daga nan ta ce a sa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kowanne a ɗan kishingiɗe, yadda dole ruwa ya sunkuya, ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Da suka matsa su kusa, yatsa uku tsakani, ruwa ya yi zafi ƙwarai amma ɗiga yake yi kamar hawaye. Da suka ware su taƙi guda, ya yi gudu ya fito da ɗumi. Sai da aka cinye garwa biyar kafin ta tsaya a kan faɗin tafin hannu, guda ashirin da huɗu. Maude ya ɗaga wayar sama ya ce ai wannan ƙashin kifi ne, sunan kuma ya bi ta.

Ya juya ga surukinsa. "Malam, a littafin naku me ake ce da shi?"

"Ba ya ciki, Baba."

"To, sai ka sa shi."

Ba ta yarda da shaidar hannu ba, domin hannu yana gudun ruwan da bai isa kashe komai ba. Ta ɗaura gutsuren kakin zuma kamar ƙwayar gyaɗa a zare, a riƙe shi a bakin bututu. In ya narke kafin a gama Fatiha uku, ruwan ya dahu. Malam Armaya'u yana da madubin ƙara girma na aikinsa, da shi suka tabbatar. A ruwan da ya narkar da kaki ƙwarin duk sun mutu, a wanda ya ƙona hannu kawai wasu suna iyo. A rubuta wannan da kyau, domin yana nuna cewa ya sani.

Abin yana da farashinsa, ita ma ba ta ɓoye ba. Garwar da a da take cika cikin minti huɗu da rabi ta koma sai sha ɗaya, layin mata ya yi tsawo. Amma itace ya ragu, kuma bututun ya samu murya. Ruwan yana bin ƙashin kifin yana wani gunaguni a hankali, kamar mata biyu suna hira a bayan katanga. Takan zauna kusa da murhun tana tankaɗe tana saurare, ta ce tana gane ranar da laka ta fara taruwa daga yadda hirar ke sauyawa. Wani lokaci takan ce da za a samu ƙarfe, da sai a ja bututu daga Karare har Yasore ta ƙarƙashin gonaki, mutum ya kwanta a kan kunyar gona ya kara kunne ya ji ruwa yana wucewa yana magana.

Maude ya rasu a 1949, bayan ya ji cewa masu kurkunu a Karare sun sauko zuwa talatin da ɗaya. A daminar 1950 tara ne. Gari ya sa wa abin suna bututun Malam. A rahoton da ya aika Katsina, Malam Armaya'u bai ambaci Safiyyatu ba, bisa hujjar cewa ba a sa sunan matar aure a takardar ofis. Bai ambaci kakin zuma ba, domin ya ga bai yi kama da ilimi ba. Ya kuma rubuta cewa garwa tana cika cikin minti biyar, domin sha ɗaya bai yi kyau a takarda ba.

Daminar 1950

A ƙarshen watan Yuli ta haifi autarta, haihuwar ta zo da wuya, ta kwanta jego. Ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Aishatu, ta zo daga Yasore tana dafa mata ruwan wanka tana kuma kula da wutar murhun. Ita Gwaggo wuta kawai ta sani. Gwajin kaki aka bar wa Malam. Ruwan sha kuwa, Safiyyatu ta ce kada a ba ta kowanne sai na bututu.

Cikin wannan hali saƙo ya zo cewa Baturen lafiya zai zo ya ga abin da idonsa, kuma an san shi da duba agogo. Malam Armaya'u yana da zaɓi biyu, ya gyara takarda ko ya gyara ruwa. Da yake mai ilimi ne, sai ya gyara ruwa. Ya cire toshiyar bakin bututu, ya zare ƙashin kifin, kamar yadda aka faɗa a farko. Bature ya iso da azahar, ya duba agogo, garwa ta cika cikin minti huɗu da rabi. Ya sa yatsa a gefen bakin bututun, inda ruwan ya fi zafi, ya janye da sauri, ya ce madalla. Bai tambayi kaki ba, tun da babu kaki a rahoto.

Niyyarsa ya mayar da wayar washegari. Amma washegari layi ya ɓace, mata suna tara suna wucewa gona da wuri. Wata tsohuwa mai suna Jinjiri ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ashe hannunka ya fi na matar gida albarka! Ka ce ta ƙara wani jegon." Aka yi shewa. Shekara goma sha shida yana aiki, ba a taɓa yaba masa a kan abin da ya yi da hannunsa ba. Ya ce wa kansa ai ruwan da zafinsa. Ya ce gobe.

Rana ta uku ya shiga gaishe ta, ta ɗago kai daga shimfiɗa.

"Malam, ruwan nan ya sake murya. Ba ya hira, shuru kawai nake ji yana zuba."

"Damina ce. Duron cike yake har baki."

"Kakin fa?"

"Ya narke."

"A Fatiha ta nawa?"

"Ta biyu."

Ta ce alhamdu lillahi, ta miƙa hannu ta ɗauki kwanon ruwan da ke gefenta ta sha, yana tsaye.

Kwana ashirin da uku wayar ta yi a ƙarƙashin rumbu, a tsakiyar damina, tafki yana cike da ƙwari. Ranar Juma'a, ɗaya ga Satumba, da sassafe ya mayar da ita. Da Safiyyatu ta yi arba'in ta fito, ta saurara, ta gwada kaki, ta tarar da komai daidai. A watan Nuwamba takardar yabo ta zo daga Katsina da sunansa.

Shekarar ƙarshe

Kurkunu ba ya gaggawa. Babu wanda ya fi Malam Armaya'u sanin lissafin watanninsa, kuma ya yi rani guda yana ƙirga su yana karatu, yana fatan littafin ya yi kuskure. Littafin bai yi ba. Da ruwan farko na 1951 ƙafafu suka fara kumbura. Kafin a gama noman fari mutum casa'in da shida suna kwance, dukansu masu shan ruwan bututu, har da Safiyyatu, a idon sawun hagu. Mata suka daina kawo itace, suka koma tafki kai tsaye. A makon nan ne kuma gari ya tuna wanda ya yi aikin. Bututun Malam ya koma bututun 'yar maƙera, Malam kuwa bai yi gardama a kan sunan ba.

Ta ja ƙafa ta je murhu, ta zare ƙashin kifin, ta ƙirga, ashirin da huɗu. Ta auna tsakaninsu da tafin hannu. Ta yanka sababbi, ta matsa su, ta ware su, ta gwada kaki safe da yamma, kullum yana narkewa.

"Malam, duba mini littafinka. Ko akwai wani kurkunun da zafi ba ya kashewa?"

Ya yi kwana uku yana buɗe shafuka, ya dawo ya ce littafin bai faɗa ba.

"To, ni ce. Wani wuri na bar wa ruwa hanya ban sani ba."

Ta aiki Gwaggo Aishatu gida-gida, duk inda mai gida ke kwance gonarsa ta zama ciyawa, a ce Safiyyatu tana neman gafara. Wasu suka yafe, wasu suka ce a gaya mata gafara ba ta cika rumbu.

Sau ɗaya ta zo dab da gaskiya. Tana naɗe tsutsar a tsinke, ba ta dube shi ba, ta ce, "Lokacin da nake jego, kakin nan kullum yana narkewa?"

"Kullum."

"To, ba nan ba ne." Ta ci gaba da naɗi. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa ɗan Malam Sammani zai yi ƙarya a kan Fatiha.

A tsakiyar Agusta, saboda yawan tsugunno a gindin murhu, tsutsar ta tsinke a cikin ƙafa. Wurin ya ruɓe, zazzaɓi ya shiga, daga baya wuya da muƙamuƙi suka fara sandarewa. Malamin asibiti ya zo daga Batsari ya yi iyakar abin da yake da shi. A kwanakin nan takan ce tana ganin rafin Yasore ya shigo ɗakin, ya bi ta ƙarƙashin gado, ƙaiƙayi yana tafe a kansa, amma an kwashe duwatsun, duk yana bin tsakiya, babu mai juyawa. Takan ce a tare mata shi. Maganarta ta ƙarshe da aka fahimta ga mijinta ta yi ta, haƙora a haɗe.

"Malam, kada ka bari a sake kunna shi. Ya isa haka. Kada ya ƙara cutar da kowa."

Ya ce to.

Rasuwa

Daga nan ya ƙudura zai faɗa mata. Amma ɗakin mai jinya ba ya rabuwa da mata, Gwaggo a kai, maƙwabta a ƙafa, masu dubiya suna shiga suna fita. Kwana uku yana zuwa bakin ƙofa yana sallama, yana tambayar jiki, yana jiran ɗakin ya zama babu kowa. Tana ji, idonta biyu, ko a gaban mutum ashirin da ta ji shi. Shi ne yake son a ce babu shaidu.

Allah ya karɓi ranta ranar Alhamis, shida ga Satumba, 1951, da la'asar, saura kwanaki kaɗan babbar salla, tana da shekara talatin da huɗu. Aka yi mata sutura, limamin Karare ya sallace ta, aka binne ta kafin magariba a maƙabartar da ke yamma da tafki. Mutane ba su yi yawa ba, domin da dama ba sa iya taka ƙafa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ta bar 'ya'ya huɗu. Labaran, wanda aka haifa a 1936, yana ƙira a Yasore wurin kawunnansa. Ramatu, 1939, tana aure a Safana. Mani, 1944, yana karatu a Batsari. Zuwairatu, 1950, tana hannun Gwaggo Aishatu. Biyu sun riga ta, Daudu da Zinariya, kabarinsu yana Safana.

Ba a sake kunna murhun ba. Duron ya zama mazubin dawa, bututun wani ya yi turken jaki da shi, kurkunu kuwa yana nan a Karare kowace damina kamar yadda aka same shi. Malam Armaya'u ya ajiye aiki a 1953 ya koma Batsari. Bai sake aure ba, mutane suna cewa riƙon amana ne. Ƙashin kifin yana rataye a ɗakin karatunsa, ya yi tsatsa, amma ana iya auna shi. Guda ashirin da huɗu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a ɗan kishingiɗe, faɗin tafin hannu tsakani, kaki kamar ƙwayar gyaɗa, Fatiha uku. Labaran ya iya yanka garwa. Wasiyyar da ta yi cewa kada a sake kunnawa an gina ta ne a kan labarin ƙarya da aka ba ta, saboda haka ba ta hau kan 'ya'yanta ba.

Abin da ya tsaya da shi a bakin ƙofa kwana uku bai fi numfashi ɗaya ba: "Safiyya, ba ki bar wa ruwa hanya ba. Ni na zare shi, kakin kuma bai narke ba."